Talabijin na Bango: A Duba Bayansa Kafin a Biya Kuɗi

A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar 2024 ne Gwamnan Jihar Kaduna, Sanata Uba Sani, ya zo Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar kara, wadda ta yi wajen shekara goma a rufe saboda rashin zaman lafiya a dajin nan namu. A daminar da ta biyo baya, manoma da dama sun koma gonakin da suka daɗe da bari. To, kamar yadda muka sani, duk lokacin da masara ta shigo gida aka kai ta kasuwa, bayan an biya kuɗin makaranta an kuma ware na taki, abin da yara da iyayensu mata sukan fara roƙon maigida shi ne akwatin talabijin, musamman idan Kirsimeti ya gabato. A yanzu kuwa ba mai maganar tsohon akwatin nan mai ƙusumbi. Kowa na bango yake so, wanda jama'a suke kira filasma.

'Yan'uwa, a kan wannan suna ne muke so mu ja hankalinku. Kamar yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo, kowane ɗanɗanon miya kuma Maggi, haka muke ce wa kowane talabijin mai faɗi filasma. Alhali kuwa iri biyu ne, aikinsu ba ɗaya ba, cin wutarsu ba ɗaya ba, shekarunsu ma ba ɗaya ba. Wanda bai san bambancin ba yana iya zuba kuɗin buhunan masararsa a kan abin da gidansa ba shi da wutar da za ta ɗauke shi.

Yadda kowannensu yake aiki

Filasma ta ainihi gilashi ne guda biyu masu kauri da aka haɗa, a tsakaninsu akwai 'yan mitsi-mitsin ɗakuna masu ɗimbin yawa, kamar saƙar zuma, kowanne cike da iskar gas irin su niyon da zinon. Idan lantarki ya ratsa iskar sai ta kunna wata hoda mai ƙyalli da aka shafa a cikin ɗakin, ta ba da ja ko kore ko shuɗi. Watau kowane ɗigo na hoton ƙaramar fitila ce mai cin wutar kanta. Abin da ya sa take zafi ke nan, take kuma zuƙar lantarki. A Jami'ar Illinois ta Amurka aka ƙirƙiro dabarar a 1964, amma sai wajen 1997 aka fara sayar da manyan talabijin masu inci 42 irin wannan, a kan kuɗin da ya isa sayen mota.

Shi kuwa LCD, fuskarsa ba ta da hasken kanta. Fitila ce a baya take haskawa, a gabanta kuma akwai wani siririn shimfiɗi na ruwa mai daskararren hali, wanda lantarki kaɗan yake sa shi ya buɗe ko ya rufe hanyar haske, kamar mai ɗaga labule yana saukewa. Na farko-farko suna da dogayen fitilu sirara a ciki, 'yan'uwan dogon ƙwan nan da ake sawa a ofisoshi. Daga wajen 2009 kamfanoni suka koma sa ƙananan ƙwayaye irin na tocilan zamani, suka riƙa rubuta LED a jikin kwali. Saboda haka idan mai shago ya ce maka wannan LED ne ba LCD ba, ka sani abu ɗaya ne, fitilar baya ce kawai aka sake, kuma sakewar ta rage cin wuta ƙwarai.

An daina ƙera filasma

Abu mafi muhimmanci da ya kamata mai saye ya sani shi ne, manyan kamfanonin da suke ƙera filasma duk sun daina. Pioneer ya sanar da janyewarsa a 2009. Panasonic, wanda ya fi kowa suna a kanta, ya rufe aikin a watan Maris na 2014, Samsung da LG kuma suka bi sahu kafin ƙarshen shekarar. Ma'anar wannan ita ce, duk filasma ta gaskiya mai ɗauke da waɗannan sunaye da za ka gani a shago a Kaduna ko Funtuwa ta haura shekara goma da ƙerawa, komi ƙyallinta. Yawancinsu na hannu ne, waɗanda ake kira 'yan Beljiyam, da Turawa suka gama amfani da su aka loda a kwantena zuwa Ikko, daga kasuwar Alaba kuma suka hauro Arewa. Idan wani abu ya ƙone a cikinta, mai gyara ba shi da inda zai sami sabon kayan gyara, sai dai ya ciro daga wata matacciyar.

Ba za mu ƙi faɗin alherinta ba. A ɗaki mai duhu hoton filasma yana da kyau sosai, baƙinta baƙi ne wuluk, wanda ya zauna a gefe yana gani daidai da wanda yake tsakiya, kuma idan ana ƙwallo hoton ba ya jan jela. Ga shi kuma takan yi araha, har mutum ya sami mai inci 50 a kan kuɗin da bai kai na sabon ƙaramin LED ba. Wannan arahar ce take jan mutane. Amma magabata sun ce araha ba ta ado.

Lissafin wuta

Ba sai mun gaya wa mutumin Birnin Gwari halin da wutar lantarki take ciki ba. A cikin gari takan zo ta tafi, a ƙauyuka da yawa na gefen dajin Kamuku kuwa ko turakunta babu. Gidajen da suke kallo, a kan janareta ko sola suka dogara. To, bari mu yi lissafi.

A bayan kowane talabijin akwai wata 'yar takarda da kamfani ya manna, a jikinta akwai lamba da harafin W a gabanta. Wannan shi ne wat, ma'aunin wutar da yake ci. Filasma mai inci 42 da aka ƙera kafin 2010, yawanci za ka ga an rubuta tsakanin 250 da 400. Na ƙarshe-ƙarshe sun rage ci, amma duk da haka sun ninka LED. Shi kuwa LED mai inci 32 yakan tsaya tsakanin 30 da 55, mai inci 43 kuma da wuya ya wuce 100.

Alal misali, a ce gida yana da batir mai bolt 12 wanda aka rubuta 100Ah a jikinsa. Idan ya cika, wutar da ke ciki ta kai wat 1,200 na awa ɗaya. Amma irin batir ɗin nan mai dalma, idan ana so ya yi ƙarko ba a shanye fiye da rabinsa, watau 600 ke nan. Filasma mai cin wat 300 za ta lashe wannan cikin awa biyu, kafin ma a cire abin da inbata take ci. A kunna ta da ƙarfe bakwai, kafin labaran ƙarfe tara gida ya yi duhu, ba fitila, ba cajin waya. LED mai cin 45 kuwa, ko an haɗa da dikoda an ce 60, zai kai awa goma a kan wannan batir ɗin. Akwai ma waɗanda aka yi su musamman domin sola, ana jona su kai tsaye a batir mai bolt 12 ba tare da inbata ba.

Haka abin yake ga mai janareta. Ƙaramin janaretan nan na Tiger da ya cika gidajenmu, abin da yake iya ɗauka cikin kwanciyar hankali bai wuce wat 650 ba. Filasma ita kaɗai ta cinye kusan rabi. A ƙara fanka biyu da fitilu da dikoda, sai ka ji kukansa ya sake. Mu tuna kuma, kafin a cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin gwamnati na litar fetur bai kai naira 200 ba, amma a watan Oktoba na 2024 ya haura naira 1,000 a wurare da yawa. Rangwamen da mai shago ya yi maka rana ɗaya, a gidan mai za ka riƙa mayar da shi kowane dare.

Hanya, zafi da ƙura

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari ta Buruku da Udawa tafiyar wajen kilomita 120 ce, kuma duk wanda ya bi ta ya san abin da kaya suke sha a bayan mota. Filasma mai inci 42 takan kai kilo 25 ko fiye, kuma ƙa'idarta a tsaye ake ɗaukar ta. Idan aka kwantar da ita aka faɗa rami ɗaya, gilashin yana iya tsagewa, in kuwa ya tsage iskar ta fita, magana ta ƙare. LED mai inci 43 bai cika wuce kilo 10 ba, mutum ɗaya ya riƙe shi a cikin kwalinsa. Ga zafin watan Maris da Afrilu a ƙarƙashin rufin kwano, ga ƙurar hunturu da take toshe ƙofofin shan iska, duka biyun sun fi wahalar da na'urar da dama can zafi take yi. Har ila yau, filasma tana da wani aibi: idan alamar tasha ɗaya ta daɗe a kusurwa, takan bar tabo kamar inuwa wanda ba ya gogewa.

LED ma ba a rasa shi da nasa rauni. Fuskarsa ba ta da kauri, jifa ɗaya da yaro zai yi da cokali ya isa ya fasa ta, kuma kuɗin sake fuska ya kusa na sabo. Domin haka a kafa shi sama inda hannun yara ba ya kaiwa. Ciwonsa na biyu shi ne ƙonewar ƙwayayen baya, ka ji magana amma ba hoto. Wannan yana gyaruwa, kayan kuma suna samuwa. Wanda ya rage ƙarfin hasken daga cikin rimot, maimakon ya bar shi a ƙure, ya ƙara wa ƙwayayen kwana, ya kuma rage cin batir.

Abin da za a duba a shago

Na farko, a juya bayansa a karanta takardar. Ban da wat, a dubi lambar samfuri. A Samsung, wadda ta fara da PS ko PN filasma ce, LA ko LE tsohon LCD ne, UA ko UE kuwa LED. A LG, harafin da ya biyo bayan lambar inci shi ne shaida: 42P filasma, 42L kuwa LCD ko LED. A dubi shekarar ƙira. A kuma tabbata an rubuta bolt 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240, gama wanda aka yi domin Amurka mai bolt 120 kaɗai yana iya ƙonewa a jonawar farko. Idan an ɓamɓare takardar, a bar musu kayansu.

Na biyu, a ɗaga shi a ji nauyi, a kuma taɓa fuskar a hankali. Ta filasma tauri gare ta kamar gilashin taga, bayan minti goma da kunnawa kuma za ka ji ɗumi a tafin hannu.

Na uku, a tafi da tef ɗin tela. Daga kusurwa zuwa kishiyar kusurwa ake auna inci, fuskar kaɗai ban da baki. Ba abin mamaki ba ne a ga an rubuta 43 a kwali, a auna a sami abin da bai kai ba.

Na huɗu, kada a yarda da gwajin minti ɗaya. A sa mai shago ya bar shi a kunne, a dubi hoto mai fari sosai da mai duhu sosai, ko akwai layi, ko ɗigo, ko wani gefe da ya dushe. A lura ko sunan da ya fito a fuska lokacin kunnawa ya yi daidai da wanda ke jikin akwatin, gama akwai masu manna sunan babban kamfani a kan kayan da ba nasa ba.

Na biyar, a gwada ƙofofin jona waya. Mu da muke nesa da Kaduna, yawancinmu da dish da dikoda muke kallo, saboda haka a tabbata ƙofar HDMI da ƙofofin nan uku masu ja da fari da rawaya suna aiki, haka ma ta sa filash. Wanda ake kira mai intanet ya fi tsada, kuma amfaninsa sai inda sabis yake da ƙarfi da kuɗin data. Wanda ba shi da su, kada ya biya kuɗin abin da ba zai mora ba.

Na ƙarshe, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar akwatin da tsawon garanti a rubuce. A cikin kuɗin da aka ware kuma a bar na sitabilaiza. Da damina, idan hadari ya taso, a zare wayar wuta da ta dish duka biyu, domin tsawa takan biyo ta kowace.

Shawararmu

Wanda yake da filasma a gida tana aiki, kuma yana da wutar da za ta ɗauke ta, ba mu ce ya jefar ba, ya ci gaba da mora har ta gaji. Amma wanda zai saya yau, musamman mai dogara ga sola ko ƙaramin janareta, LED mai inci 32 ya ishi ɗakin zama irin namu, inda tsakanin kujera da bango bai wuce taku huɗu ba. Mai babban falo da isasshen batir ya ɗauki 43. Ƙarami sabo mai garanti ya fi ƙato tsoho wanda ba a san abin da ya gani a hannun mai shi na farko ba, gama sayen nagari mayar da kuɗi gida ne.

Muna kuma roƙon iyaye maza su zauna da iyayen gida a yi lissafin tare kafin a shiga mota, kada a sayar da hatsin da za a ci a watan Agusta saboda kallon mako biyu na biki, kada kuma a ci bashi domin maƙwabci ya kafa nasa. Mutanenmu sun sha wuya kafin su sake ganin amfanin gonarsu. Allah ya sa albarka a cikin abin da aka samu, ya kuma ba ƙasarmu zaman lafiya mai ɗorewa.