Dawn Wright: Yadda aikin leburanci cikin jirgi ya kai ta ƙarƙashin teku mafi zurfi

A ranar 12 ga watan Yulin 2022, wani ƙaramin jirgin nutso mai ɗaukar mutum biyu ya sauka wurin da ake kira Challenger Deep, a yammacin Tekun Fasifik, zurfin da ya kai kusan mita 11,000. Victor Vescovo ne ke tuƙi. A gefensa akwai Dawn Wright, ƴar Amurka masaniyar ilimin teku, wadda a ranar ta zama baƙar fata ta farko da ta taɓa kai wa wannan wuri. Kafofin labarai sun yi ta yayata wannan rana, amma shekarunta na farko a fagen aiki, waɗanda ba a cika ba da labarinsu ba, sun fi ɗauke da abin dubawa.

An haife ta a 1961, ta kuma girma a tsibirin Maui na Hawai, inda teku ke kewaye da ita ta ko'ina. Tun tana ƙarama take kallon shirye-shiryen Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai binciken teku, a talabijin. Ta karanci ilimin duwatsu a kwalejin Wheaton ta gama a 1983, sannan ta samu digiri na biyu kan ilimin teku a jami'ar Texas A&M a 1986.

A nan ne ta bar hanyar da aka saba. Maimakon ta zarce neman digirin dokta, sai ta karɓi aikin ma'aikaciyar fasaha a jirgin JOIDES Resolution, jirgin da ke haƙa ƙasan teku yana ciro duwatsu da laka domin nazari. Daga 1986 zuwa 1989 ta yi tafiya goma, kowace ta wata biyu, galibi a Tekun Indiya da Fasifik. Aiki ne na kula da na'urori da ɗakin gwaji ba dare ba rana, kuma ba sunan mai yinsa ke fitowa a saman takardun bincike ba. Sai dai wanda ya yi shekara uku a irin wannan aiki ya san abin da ɗalibin aji bai sani ba: inda bayanai ke fitowa, da yadda suke tarwatsewa idan babu mai tsara su.

Wannan matsalar ta tsara bayanai ita ce ta zama sana'arta. A jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara, inda ta gama dokta a 1994, ta haɗa nazarin tsagogin ƙasan teku da fasahar taswira ta kwamfuta, wadda a lokacin an fi amfani da ita a kan tudu, wajen filaye da hanyoyi da dazuzzuka. Teku kuwa ba ya zama wuri ɗaya kamar gona. Ruwa na motsi, ga zurfi, haske kuma ba ya wuce saman-saman, don haka da sauti ake auna ƙasan. A 1991, tana ɗaliba, ta nutsa cikin jirgin Alvin, mace baƙar fata ta farko da ta yi hakan.

Daga 1995 ta fara koyarwa a jami'ar jihar Oregon, ta jagoranci zana taswirar ƙasan teku a yankin Samowa ta Amurka domin masu kula da wuraren da aka killace su san abin da suke karewa. A 2011 kamfanin Esri mai ƙera manhajar taswira ya naɗa ta babbar masaniyar kimiyyarsa.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai iya cewa mu da ba mu da gaɓar teku, ina ruwanmu? A watan Maris na 2024, da wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙasan teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, Nijar ma ta ji a jikinta. Masu shimfiɗa irin waɗannan wayoyi da taswira suke aiki, kuma har yau abin da aka zana da kyau na ƙasan tekun duniya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da ƴan kai ba.

A wajen aiki, Wright mai tuƙa keke ce, tana son gina abubuwa da ƴan tubalan wasa na Lego, tana kuma karanta tarihin ƴan fashin teku na ƙarni na 18. Ba ta ɓoye waɗannan ba; takan saka su cikin takardar gabatar da kanta, kusa da jerin digirorinta.

A nutson 2022 ma aikin taswira ya kai ta, domin ita ce ta riƙe na'urar auna ƙasa da sauti da aka ɗaura wa jirgin. Suna isa ƙasa, cikin abubuwan farko da fitilar jirgin ta haska musu har da kwalbar giya da wani ya jefar, takardar jikinta ma ba ta ɓare ba.