Makarantar likitancin ostiyofati: ko ta dace da ɗan Kano?

Tun 1892 da Andrew Taylor Still ya buɗe makarantarsa ta ostiyofati a Kirksville, Amurka take horar da likitocin da ke haɗa ilimin asibiti da tausa da motsa gaɓoɓi. A can cikakkun likitoci ne, har tiyata suna yi. Wannan zai burge mutanen cikin birni, inda mai karaya kan fara zuwa wurin maɗori kafin Asibitin Ƙashi na Dala. Sai dai amfanin tausar ya fi tabbata a ciwon baya, ga tsadar karatun, kuma wasu ƙasashe suna taƙaita aikin mai shaidar wannan karatu. Wani zai ce ai gwanintar hannu muke nema. Haka ne, amma ana koyar da ita a sashen fisiyoterafi na Jami'ar Bayero.