Littafin Kwali da Littafin Hotuna: Ma'aunan Zaɓar Littafin Farko ga Jarirai da 'Yan Yaye

Tsakure

Nazarin adabin yara a Hausa ya fi karkata ga tatsuniya da waƙoƙin raino da littattafan firamare, ba a cika waiwayar littafin da ake miƙa wa yaro kafin ya cika shekara uku ba. Wannan maƙala ta bayyana mene ne littafin kwali da littafin hotuna, da yadda jariri yake fahimtar hoto gwargwadon watanninsa, sannan ta fito da ma'aunai huɗu na zaɓe: jikin littafi da hoto da harshe da al'ada. Ta kuma nuna cewa tsarin rubutun Hausa, wanda ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, ya ɗora wa hoto wani nauyi na musamman a littafin ƙaramin yaro.

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa an saba ɗaukar littafi a matsayin kayan makaranta, wato abin da yaro zai fara riƙewa bayan ya yi wayo an sa shi a allo ko boko. Saboda haka batun saya wa jariri littafi yakan zo wa mutane da mamaki, tunda bai iya magana ba balle karatu. Sai dai manufar irin wannan littafi ba koyar da baƙaƙe ba ce. Manufarsa ita ce samar da abin da babba da yaro za su zuba wa ido tare, babban yana nunawa yana faɗin suna, yaron yana saurare yana kwaikwayo.

Ƙasashe da dama sun daɗe da mayar da wannan fahimta aiki. A 1989 likitocin yara a birnin Boston na Amurka suka fara shirin Reach Out and Read, inda ake ba iyaye littafi idan sun kawo yaro asibiti. A 1992 aka fara shirin Bookstart a Birmingham ta Ingila, mai raba wa jarirai littattafai kyauta. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta shawarci iyaye su fara karanta wa 'ya'yansu tun daga haihuwa. Tambayar da ta rage ita ce: wane littafi? Ga Bahaushe tambayar ta fi nauyi, domin galibin abin da ke kasuwa da baƙon harshe aka rubuta shi, kuma baƙuwar duniya aka zana a ciki.

2.0 Ma'anar Littafin Kwali da Littafin Hotuna

Littafin hotuna shi ne wanda hoto yake ɗauke da saƙo daidai da rubutu ko fiye da shi, ta yadda idan aka cire hoton ma'ana za ta tawaya. Wannan ya bambanta shi da littafin da aka ƙawata da 'yan zane-zane kawai. Masana sukan kai asalinsa ga Orbis Sensualium Pictus na Comenius, wanda aka buga a 1658, inda aka jera hotunan abubuwa tare da sunayensu.

Littafin kwali kuwa sunansa daga jikinsa ya samo asali. Kowane shafi kwali ne mai kauri da aka lulluɓe da leda ko wani shafe mai santsi, shafukan ba su da yawa, kusurwoyinsa a dunƙule. Ke nan kwali siffar jiki ce, hotuna kuma siffar abin da ke ciki. Littafi ɗaya yana iya fitowa a siffofin biyu, kamar The Very Hungry Caterpillar na Eric Carle, wanda ya fara fitowa a 1969, daga baya aka sake buga shi a kwali. Wannan bambanci yana da amfani ga mai saye, domin wasu maɗaba'u sukan ɗauki labarin da aka tsara wa ɗan shekara biyar su buga shi a kwali. Kaurin shafi ba ya sauƙaƙa labari.

3.0 Yadda Jariri Yake Fahimtar Hoto

Jariri sabon haihuwa ya fi ganin abin da ke kimanin santimita 20 zuwa 30 daga idonsa, wato tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta mahaifiyarsa lokacin shan nono. Gwaje-gwajen Robert Fantz a farkon shekarun 1960 sun nuna cewa jarirai sun fi daɗewa suna kallon abu mai zane, musamman mai kama da fuska, fiye da fili marar zane. Wannan ne dalilin da ya sa littattafan watannin farko suke zuwa da baƙi da fari da manyan siffofi. Rarrabe launuka yana ƙarfafa a cikin 'yan watannin da suka biyo baya.

Daga wajen wata shida, lokacin da yaro ya fara zama, littafi a wurinsa abu ne na kamawa da bugawa da kaiwa baki. Binciken Judy DeLoache da abokan aikinta na 1998 ya gano cewa jarirai 'yan wata 9 sukan shafa hoto, har su yi ƙoƙarin ɗauko abin da ke cikinsa kamar na gaske ne. An ga irin wannan ɗabi'a a jariran Amurka da kuma na al'ummar Beng a ƙasar Kwaddibuwa, waɗanda ba su saba da hotuna ba. Zuwa wata 19 kuwa, yaran Amurkan da aka gwada sun rage kamawa sun koma nuni da yatsa. Abin da wannan yake nunawa shi ne, fahimtar cewa hoto wakilin abu ne ba shi kansa abin ba, koyon ta ake yi.

Tsakanin wata 9 zuwa 12 yaro yakan fara bin yatsan babba da ido, ya kalli abu sannan ya juyo ya kalli mai nuna masa. Kalmomin farko sukan zo wajen cika shekara, haɗa kalma biyu kuma tsakanin shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wato daidai lokacin da Hausawa suka saba yaye. Daga nan ne gajeren labari mai farko da ƙarshe yake fara yi masa ma'ana.

4.0 Ma'aunan Zaɓe

4.1 Jikin Littafi

Duk abin da aka ba ɗan wata takwas, baki zai kai shi. Don haka ma'aunin farko na lafiya ne. A duba ko ledar shafi tana ɓarewa, ko fenti yana zuba idan an goga da jiƙaƙƙen tsumma, ko akwai waya ko maɓalli ko ƙaramin batir da zai iya fita. Ƙa'idojin kayan wasa a Amurka da Turai suna gwada ƙananan abubuwa da wani bututu mai faɗin milimita 31.7, abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukar sa mai iya shaƙe yaron da bai kai shekara uku ba. Wannan ya fi shafar littattafan gwanjo, waɗanda suka riga suka sha hannu. Girman littafi ya zama wanda hannu biyu na yaro za su riƙe, kaurin shafi kuma ya ba ɗan yatsansa damar juyawa da kansa.

4.2 Hoto

Ga yaron da bai kai shekara biyu ba, abu ɗaya a shafi, a kan fili marar hayaniya, ya fi shafin da aka cika da tarkace. Binciken Patricia Ganea da Pickard da DeLoache na 2008 ya nuna cewa yara 'yan wata 15 da 18 sun fi iya ɗaukar sunan da suka koya a littafi su ɗora shi a kan abin na zahiri idan hoton ya yi kama da abin sosai, fiye da idan zanen barkwanci ne. Haka kuma binciken Tare da abokan aikinta na 2010 ya gano cewa yara sun koyi sunayen dabbobi da bayanansu ƙasa da yadda suka koya daga littafi na yau da kullum, idan littafin mai hotunan da ke tasowa ne in an buɗe shafi. Hannu ya shagala da ja da buɗewa, kunne ya bar saurare. Ba a ce irin waɗannan littattafai ba su da daɗi ba, amma tsadarsu ba ita ce shaidar amfaninsu ba.

4.3 Harshe

A nan ne manazarcin Hausa yake da abin cewa fiye da kowa. Yaro ba ya karanta rubutun, babba ne yake furta masa, don haka littafin jariri rubutu ne da aka yi domin kunne. Ana son jimla gajera, da maimaici, da amo mai daɗin faɗa. Hausa tana da wadatar wannan: kalmomin amsa-kama irin su ja wur, fari fat, baƙi ƙirin, da ninki irin na tsalle-tsalle da guje-guje. Maimaici yana ba yaro damar hasashen abin da zai biyo, har wata rana ya riga mai karatun faɗa. Dabara ce da waƙoƙin raino da waƙoƙin cikin tatsuniya suka daɗe da ita, marubuci ba ya bukatar aro ta daga waje.

Akwai kuma batun ƙa'idar rubutu. Daidaitacciyar Hausa ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, haka gari na mutane da gari na tuwo. A cikin dogon zance muhallin kalma yana warware wannan. Amma a littafin kwali, inda kalma guda take tsaye ita kaɗai a shafi, hoto ne kawai muhallinta. Idan hoton bai fito sarai ba, mai karatu zai furta kalmar da karin da bai dace ba, yaro kuma ya haddace hakan. Haka nan a duba baƙaƙe masu lanƙwasa: littafin da ya rubuta kafa a ƙarƙashin hoton ƙafa, ko ya kasa bambanta dauri da ɗauri, ya nuna ba a tace shi ba.

Karin harshe ma abin lura ne. Abin da yaron Kano zai sani da makaranta, a Maraɗi da Damagaram ana yawan ce masa lakwal, sannan inda Nijeriya take rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ. Wannan ba aibi ba ne, mai karatu yana da damar sauya kalma da wadda ake faɗa a gida. Babban aibi shi ne fassarar da ta bi ginin jimlar Ingilishi sawu da ƙafa, har uwa ta karanta ta ji ba maganarta ba ce.

4.4 Al'ada da Muhalli

Tunda aikin littafin farko shi ne haɗa suna da abu, ya fi kyau abin ya zama wanda yaro zai waiga ya gani a tsakar gida: ƙwarya, ludayi, buta, tabarma, turmi, akuya, zakara, goyo a bayan uwa. Littafin da ya fara da dusar ƙanƙara da beyar yana ba yaro sunayen da ba shi da inda zai rataya su. Ba a hana baƙon abu ba, sai dai ya biyo bayan na gida.

Haka kuma a yi la'akari da wanda zai riƙe littafin. Littattafan Turai sukan ɗauka uwa ko uba ne za su karanta wa yaro kafin barci. A gidan Bahaushe na gargajiya raino aikin mutane da yawa ne, kaka da goggo da yayye, kuma alkunyar ɗan fari takan hana wasu iyaye wasa da shi a gaban jama'a. Wasu daga cikin masu rainon ajami suka iya, wasu ba su yi karatu ba. Littafin da hotonsa yake ba da labari ko babu rubutu yana buɗe wa dukkansu ƙofa. Wasu iyayen kuma suna da ƙyamar hoton abu mai rai saboda fahimtarsu ta addini. A irin wannan gida littafin kayan gida da 'ya'yan itatuwa da launuka da ƙirge zai yi aikin ba tare da jayayya ba.

5.0 Halin da Ake Ciki a Hausa

Tarihin ɗab'in Hausa na boko da makaranta ya faro. Gasar da hukumar talifi ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki, da kuma Magana Jari Ce na Abubakar Imam a ƙarshen shekarun 1930, duk domin wanda ya riga ya iya karatu aka yi su. Kamfanin NNPC na Zariya, da aka kafa a 1966, shi ma kasuwar makarantu ya fi dogara da ita. Shirye-shiryen baya-bayan nan, irin su Mu Karanta a jihohin Bauchi da Sakkwato, 'yan ajin farko na firamare suka nufa. Ƙasa da shekara uku fili ne da ba a noma sosai ba, kuma tsadar buga kwali tana cikin dalilai.

Rumbunan intanet irin su African Storybook da StoryWeaver suna ɗauke da labaran hotuna da Hausa kyauta, amma ingancin fassararsu ya bambanta, kuma a waya ake yawan duba su. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ba ta goyi bayan zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allon waya ko talabijin ba, ta kuma ƙarfafa karatu da ba da labari tare da mai raino. Mafita mai sauƙi ita ce a buga shafukan a takarda, a manna a kwali, a lulluɓe da leda.

Littafi shi kaɗai ba ya magana. Binciken Whitehurst da abokan aikinsa na 1988 ya nuna cewa idan babba yana yi wa yaro tambaya, yana jiran amsa, yana faɗaɗa abin da ya faɗa, harshen yaron yana ƙaruwa fiye da idan karatu kawai ake zuba masa. Gwajin da Vally da Murray da Tomlinson da Cooper suka wallafa a 2015, wanda aka yi a unguwar Khayelitsha ta Afirka ta Kudu, ya nuna cewa horar da masu raino a kan wannan hanya ya inganta harshe da natsuwar yara 'yan wata 14 zuwa 16, duk da ƙuncin rayuwar unguwar.

6.0 Kammalawa

Littafin da ya dace da jariri shi ne wanda ba zai cutar da shi ba idan ya tauna, wanda hotonsa ya fito sarai, harshensa ya yi daɗi a baki, abin da ke cikinsa kuma yake kusa da idonsa. Ma'aunin ƙarshe shi ne ko littafin yana sa babba ya yi magana da yaro. Aikin da ke gaban sassan Hausa na jami'o'i a bayyane yake: tattara kalmomin farko da yaran Hausawa suke furtawa a karuruwan harshe daban-daban, tace fassarorin da ke yawo a intanet, da haɗa marubuta da masu zane da maɗaba'u. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma harshen da yaro ya fara jin sunan ƙwarya da shi, da wuya ya sake shi.