Gilisarin ɗin da muke shafawa a faso zai iya zama man mota

Duk lokacin hunturu mahaifiyata kan sa mu shafa gilisarin a dugadugai saboda faso. Ban taɓa zaton wannan ruwa mai danƙo zai zame wa masana'antu ƙarfen ƙafa ba, sai da na fara bibiyar harkar dizal ɗin da ake haɗawa daga man tsirrai kamar manja da man waken soya.

A duk kilo 100 na irin wannan dizal, kusan kilo 10 na gilisarin ke fitowa a gefe. Kuma ba mai tsabta irin na kanti ba ne, gauraye yake da gishiri da sabulu da sinadarin metanol mai guba. Tace shi akwai tsada, zubar da shi kuma ɓarna ce ga ruwa da gonaki. To, ya za a yi da shi?

Amsar da ta fi ba ni mamaki tana cikin ƙasar da muke takawa. Akwai wata bakteriya mai suna Clostridium pasteurianum, wadda masani Sergei Winogradsky ya gano a cikin ƙasa a shekarun 1890. Ba ta rayuwa inda akwai iskar oksijin. Idan aka rufe ta a tanki da gilisarin, sai ta tsima shi, kamar dai yadda madara ke komawa nono, ta fitar da butanol da etanol da wani sinadari, propanediyol, da ake yin zaren tufafi da shi.

Butanol dangin barasa ne a ilimin sinadarai, amma ba abin sha ba ne. Ana tsinka fenti da shi, ana kuma iya gauraya shi da fetur. Ya fi etanol ƙarfi, bai cika jan ruwa kamarsa ba.

Dabarar ma ba sabuwa ba ce. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko, Chaim Weizmann ya yi amfani da wata 'yar'uwar wannan bakteriya a Ingila, yana samar da asiton da butanol daga sitacin masara. Daga baya sinadaran da ake samu daga ɗanyen mai suka zo da arha, suka karya kasuwar.

Matsalar da har yau ake fama da ita ita ce, butanol ɗin na cutar da bakteriyar da ta yi shi. Kafin ya kai kashi 2 cikin ɗari na ruwan tanki, aikinta ya tsaya cak. Sauran kusan duk ruwa ne, kuma raba su na cin wuta sosai. Shi ya sa masu bincike ke neman hanyar janye butanol tun ana cikin tsimi.

Ga ƙasashenmu masu noman kwakwar manja, wannan ba zancen nesa ba ne. Duk wanda zai kafa masana'antar dizal daga manja, sai ya san inda zai kai gilisarin ɗinsa tun kafin ya aza tubalin farko.