Ƙananan Jiragen Filafilai da Mugun Yanayi a Gaɓar Ingila

A kudancin Ingila, daga Cowes zuwa Falmouth, masu ƙananan jiragen ruwa masu filafilai sun yawaita, kuma da yawansu yanzu suna fita teku a ranakun da iyayensu za su ɗaure jirgi su zauna.

Abu biyu ne suka kawo haka. Tun shekarun 1960 aka riƙa ƙera jirage da faiba maimakon katako. Faiba ba ta ruɓewa, don haka tsofaffin jirage masu tsawon mita takwas ko tara suka cika kasuwa da araha, har ma'aikacin gwamnati ko malamin makaranta na iya mallakar ɗaya. Na biyun ya fi tasiri. A watan Mayun 2000 Amurka ta daina rage ingancin GPS da gangan ga farar hula, sai sanin inda jirgi yake ya zama aikin duba allo. Daga baya manhajojin hasashen yanayi irin su Windy suka shiga waya. Matuƙi ya ga iska za ta lafa na sa'o'i shida, ya ce ai zai isa tasha ta gaba kafin ta dawo.

Amfanin wannan a bayyane yake. Ɓata a hazo ya ragu ƙwarai, kuma mai neman ceto yana iya faɗin daidai inda yake. Amma ƙarfin iska matuƙi yakan duba a manhaja, alhali a gaɓa haɗarin yana wurin da iska ta yi karo da kwararar ruwa. A Portland Bill, a yankin Dorset, ruwan da ke cikowa da janyewa yakan yi gudun da ya kai na ƙaramin jirgi, wanda da ƙyar yake wuce kilomita 10 a sa'a. Idan iska ta fuskanci wannan kwarara, igiyoyin sukan miƙe tsaye, gajeru kuma a jere, su yi ta dukan jirgi ba hutu. Ga duwatsu kusa. A tsakiyar teku matuƙi yana da fili ya bi iska har ta gaji. A bakin gaɓa kuwa, iskar ce take tura shi kan dutse, kuma mashigar tashar da yake ɗoki ita ce wurin da ruwa ya fi tafasa.

Tseren Fastnet na Agustan 1979 ya nuna wani abin da na ga ya fi muhimmanci. Jirage 303 suka tashi daga Cowes, guguwa ta rutsa da su tsakanin Ingila da Ailan, 'yan tsere 15 suka mutu. An bar jirage 24 a teku, amma 5 kacal suka nutse. Wasu daga cikin mamatan sun rasu ne bayan sun koma kwale-kwalen roba na ceto, jirgin da suka bari kuwa aka same shi yana yawo a kan ruwa. Sanyi, amai da rashin barci su ne ke karya mutum tun jirgi bai karye ba, kuma a ƙaramin jirgin yawo sau da yawa miji da mata ne kawai, babu mai karɓar wani.

Idan lissafin matuƙi ya kuskure, 'yan sa-kai na ƙungiyar ceto ta RNLI, wadda aka kafa a 1824 kuma take rayuwa da gudummawar jama'a, su ne ke barin gidajensu da tsakar dare su shiga ruwan nan ɗauko shi.