Mai canja sandar inji ya tuna da tukunyar mai

Direbobin da ke jigilar gero tsakanin Kiyeshe da Dogon Dutsi sun san rairayin Dallol Mawri: mota mai kaya tana bukatar ƙarfi tun daga tashi. Wasu masu motoci kan canja sandar da ke buɗe bawul, wato arbre à cames, da wadda ke daɗewa a buɗe. Ƙarfi yakan ƙaru, amma sai inji ya ɗauki gudu. Wajen tashi kuwa sai ya raunana.

A motar da ke sauya giya da kanta, tukunyar mai da ke tsakanin inji da akwatin giya, wadda makanikai ke kira convertisseur, ita ke ƙayyade juyin da inji zai kai kafin ya ja mota sosai. Ta asali takan kama wajen juyi 1500 zuwa 2000 a minti. Sabuwar sanda matsakaiciya kan nemi 2200 zuwa 2500. In an zarce, mai ya yi zafi, ga ranar Afrilu da ke haura digiri 40. Mai ɗaukar kaya ya zaɓi mafi ƙanƙanta, ya ƙara abin sanyaya mai. Gwajin taka birki da totur tare kada ya wuce daƙiƙa 5.