Ƙungiyar da ta ɗauki kofi a ranar mutuwarta

Ranar 29 ga Oktoba 1998, 'yan wasan Yokohama Flügels suka wayi gari da labarin cewa ƙungiyarsu ta kusa zama tarihi. Da yawansu a jarida suka fara gani. Kamfanoni biyu ne ke riƙe da ita: kamfanin jiragen sama na ANA da na gine-gine Sato Kogyo. Tattalin arzikin Japan ya shiga wani hali, Sato Kogyo ya janye hannu, ANA kuma ya ce ba zai iya ɗaukar nauyin shi kaɗai ba. Sai aka yanke shawarar narkar da Flügels cikin Yokohama Marinos ta kamfanin Nissan, wato babbar kishiyarta a gari ɗaya. Ba a tuntuɓi 'yan wasa ba, balle magoya baya.

Bayan kwana biyu suka fito fili da fushinsu, suka lallasa Cerezo Osaka da ci 7 da nema. 'Yan wasan da kansu suka riƙa tsayawa a bakin titi tare da magoya baya suna tattara sa hannun jama'a, har aka samu sama da 600,000. Masu kuɗin ba su ko gezau ba. Farkon Disamba suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar.

Abin da ya rage shi ne Kofin Sarkin Japan, gasar da in an doke ka sau ɗaya ka fita. Ga Flügels, fita na nufin a rufe ƙungiyar a ranar. Kocinsu Bajamushe, Gert Engels, yana da gwanaye: kyaftin Motohiro Yamaguchi, mai tsaron gida Seigo Narazaki, da César Sampaio na Brazil, wanda bai daɗe da dawowa daga gasar cin kofin duniya a Faransa ba. Suka fitar da Júbilo Iwata, suka fitar da Kashima Antlers, manyan zamanin ke nan.

A wasan ƙarshe, ranar 1 ga Janairu 1999, a babban filin wasa na Tokyo, Shimizu S-Pulse ta fara zura musu ƙwallo. Dab da hutun rabin lokaci Yoshikiyo Kuboyama ya farke, bayan an dawo Takayuki Yoshida ya ƙara ta biyu. Aka tashi 2 da 1. Tun daga ranar sanarwar ba a sake doke su ba, amma kofin bai sa kowa ya sauya ra'ayi ba. Harafi ɗaya tal aka bar musu a sabon suna: Yokohama F. Marinos. A ganina wannan ya fi kama da cin fuska fiye da karramawa.

Magoya baya da yawa suka ƙi bin Marinos. Suka yi karo-karo, suka kafa Yokohama FC a 1999, Pierre Littbarski ya zama kocinta na farko. Daga ƙaramin rukuni ta faro, sai a 2007 ta hau rukunin farko. A karonta na farko da Marinos a filin Mitsuzawa, tsohon gidan Flügels, ta yi nasara da ci ɗaya mai ban haushi. Da aka sake haɗuwa a watan Agusta, Marinos ta rama da 8 da 1.